Daren da Na Yi Tafi Ni Kaɗai a Bon

Muna yara a Zariya, kafin a buɗe shirin Hausa na Muryar Jamus, akwai wani ɗan gajeren sauti da rediyon Baba ke ta maimaitawa. Mu dai mun san shi da alamar a kama baki, labarai sun zo. Sai da na yi furfurar farko na san cewa an tsakuro shi ne daga Fidelio, wasan waƙa guda ɗaya tilo da Beethoven ya rubuta a rayuwarsa.

Wadda ta faɗa mini wata tsohuwa ce da na yi haya a gidanta a Bon, lokacin da na je wani kwas na wata shida. Mama nake ce mata. Wata safiya ta ji ina fito da sautin ina wanke kofi, ta ajiye tsummanta ta ce, "Kai, a ina ka san wannan?" Na ce rediyon mahaifina. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ranar Asabar in shirya.

Gidan da aka haifi Beethoven a 1770 ta fara kai ni, yana nan cikin wani lungu a tsakiyar gari. Fiyano da takardunsa ba su tsaya mini a rai ba kamar wasu ƙahonnin ƙarfe masu kama da mazurari, waɗanda yake cusawa a kunne da kurumta ta kama shi. Na daɗe a gabansu.

A ƙarshen Disamba ta sayo mana tikitin Simfoninsa na Tara. Makaɗa sun cika dandali: masu goge manya da ƙanana, masu sarewa, masu ƙaho, da wani a can baya da tambura a gabansa. A bayansu kuma 'yan amshi ne sahu-sahu, zaune shiru kamar an zo zaman makoki. Kiɗan ya faro can ƙasa-ƙasa, har na ɗauka gyaran tsirkiya suke yi, sai kawai ya rufto mana kamar hadarin Agusta. Da kashi na farko ya ƙare, na zage na tafa da ƙarfi. Ni kaɗai. Wani dattijo ya waiwayo ya dube ni ta saman tabarau. Mama ta dafa hannuna ta raɗa mini cewa kashi huɗu ne, sai an kammala duka ake tafi. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Mu da muka saba da liƙi tun makaɗi bai rufe baki ba!

Kashi na uku, gaskiya, gyangyaɗi ya so ɗaukata, don sanyinsa ya yi mini yawa a lokacin. Na huɗun ne ya wartsakar da ni. Manyan gogunan suka ɗauko wani ɗan kari mai sauƙi, wanda ko yaro zai iya bi, suka miƙa wa na kusa da su, yana tafiya yana ƙara kauri. Can sai wani mai babbar murya ya miƙe, sannan 'yan amshin da suka kusa awa guda ba su ce uffan ba suka ɓarke gaba ɗaya. Tsigar jikina ta tashi, alhali ko kalma ɗaya ban fahimta ba.

A hanyar gida Mama ta ce ranar da aka fara kaɗa shi a Biyana, 7 ga Mayu 1824, mai shi bai ji tafin jama'a ba. An ce sai da wata mawaƙiya ta juyo da shi ya gani da idonsa. Sai ƙahonnin nan suka faɗo mini a rai.

Daga baya na saurari Lokuta Huɗu na Vivaldi, na saurari Mozart, duk suna da daɗi, amma ba su kama ni haka ba. Wanda bai taɓa gwadawa ba, kada ya fara da na Tara, ya wuce awa guda. Ya nemi kashin farko na Simfoni na Biyar na Beethoven, minti bakwai ne ko takwas, ya kashe ƙarar waya, ya zauna.