Wrexham, ƙungiyar da mutanen gari sunka hana ta mutuwa



Akwai bashin da muke ɗauke da shi tun shirin wasanni na ran Litinin. Wani yaro ya bugo waya daga Tasawa, ya ce ya ga wata ƙungiya mai jajayen riguna a TikTok, ƴan fim ɗin Amurka na ta tsalle cikin sitad ɗinta, shin wace ƙungiya ce? Munka ce mishi Wrexham ce, ƙarama ce, masu kuɗɗi sunka saye ta, ta yi sama. Lokaci ya ƙare, anka sa talla. Da munka koma gida sai amsar ta tsaya mana a rai. Mun daɗe muna bin wagga ƙungiya, tun muna kiran ta "Vreksam" yadda lakol ta koya mana karatu, kafin mu ji masu abin na cewa Reksam. Mun san rabin labari munka ba yaron, kuma rabin da munka bari ya fi nauyi. To ga cikon.

Wrexham gari ne a arewa maso gabashin Wales, ƙasar da munka sani a aji da Pays de Galles, dab da iyakar Ingila. Garin leburori ne, masu haƙar gawayi cikin rami da masu narka ƙarfe. A 1864 anka kafa ƙungiyar, abin da ya sa ta cikin tsoffin ƙungiyoyin ƙwallo na duniya. Filinta, Racecourse, asalinsa filin sukuwar dawaki ne. Nan Wales ta karɓi Scotland a 1877, kuma har yanzu takan yi maci a cikinsa. A 1921 Wrexham ta shiga shampiyonan Ingila, tun Wales ba ta da nata na ƙasa, shi ya sa har yau da ƙungiyoyin Ingila take karawa.

Don ku gane yadda garin ke manne da ƙungiyar: ran Asabar 22 ga Satumba 1934 wuta ta tashi cikin ramin gawayi na Gresford, kusa da garin, mutum 266 sunka rasu. Mutanen wurin na ba da labari cewa da yawansu sun karɓi aikin dare ne don su samu zuwa kallon macin Wrexham da la'asar. Daga baya ramukan sunka rufe ɗaya bayan ɗaya, masana'antar ƙarfe ta Brymbo ita ma ta rufe a 1990. Aiki ya tafi, ƙungiya ta saura.

Ta ga ranakun daɗi. Sau 23 ta ɗauki kofin Wales, babu wadda ta kai ta. A da ta wanga kofi ne take samun zuwa Turai, har a 1984 ta fid da Porto, ita kuwa tana rukuni na huɗu. Ƴan Arsenal na cikinku ku yi haƙuri da abin da ke biye. Ran 4 ga Janairu 1992 Arsenal ta zo Racecourse a kofin FA tana riƙe da kambin Ingila, Wrexham kuwa ita ce ta 92 cikin 92 a kakar da ta wuce. Arsenal ta fara ci. Saura minti takwas a tashi, wani tsoho mai shekara 37, Mickey Thomas, ya narka kufran cikin raga. Bayan minti biyu Steve Watkin ya ƙara. Biyu da ɗaya, zakara ya koma Landan da kunya.

Sai duniya ta juya baya. A farkon shekarun 2000 ƙungiyar ta faɗa hannun wanda filin ya fi damu da ƙwallon, yana neman fid da ita don a yi gine-gine a wurin. Bashi ya taru. A Disamban 2004 anka miƙa ta ga masu kula da kamfanin da ya karye, anka cire mata maki 10, ta sauka rukuni. A 2008, bayan shekara 87, ta faɗo daga rukunai huɗu na ƙwararru zuwa na biyar. Wanga rukuni rijiya ne mai ƙaramin baki: ta ɗaya kaɗai ke hawa kai tsaye, sauran sai su yi baraj a kan wuri guda.

Ga wurin da muke so yaron Tasawa ya saurara da kyau. A Agustan 2011, kaka na shirin farawa, hukumar rukunin ta ce sai an ajiye kuɗɗin jingina, in ba haka ba Wrexham ba za ta buga ba. Asusu babu komi. Magoya baya sunka yi layi a bakin sitad, mai kaɗan da mai yawa, cikin kwana guda sunka tara sama da fam 100,000, wajen miliyan 75 na sefa a lissafin lokacin. Kafin shekarar ta ƙare, haɗin gwiwar magoya bayan ya karɓi ƙungiyar baki ɗaya. Malamin makaranta, direba, mai shago, ɗan fansho, su ne masu ita, su ke zaɓen shugabanni.

Kada ku zaci daga nan sai daɗi. A kakar 2011-2012 sun ci maki 98 amma Fleetwood ta fi su, sunka faɗi a baraj. A 2013 sun kai wasan ƙarshe na baraj a Wembley, ƴar uwarsu ta Wales, Newport, ta ci su biyu da nema. A 2020, da korona ta tsai da kaka, sunka ƙare a na 19. Shekara tara ke nan mutane na biyan kuɗɗin shiga, suna bin mota zuwa ƙananan garuruwan Ingila cikin sanyi da ruwa, ba tare da sun ga hawa ba.

A nan ne baƙi sunka zo: Ryan Reynolds ɗan Kanada, wanda kunka sani a fim ɗin Deadpool, da Rob McElhenney ɗan Amurka. Ba su iya saye ba sai da masu ita sunka yarda. Anka jefa ƙuri'a a Nuwamban 2020, sama da kashi 98 cikin ɗari sunka amince, ciniki ya kammala a Fabrairun 2021 da alkawarin zuba fam miliyan 2. Sunka kawo mai horaswa Phil Parkinson da maciyin raga Paul Mullin, sunka kawo kamara, shirin Welcome to Wrexham ya kai sunan garin duniya. Duk da haka cikakkiyar kakarsu ta farko ta ƙare da kuka: Grimsby ta ci su biyar da huɗu a baraj, a gidansu.

Kakar 2022-2023 ita ce ba za mu manta ba. Wrexham da Notts County sunka yi ta tsere kamar dawakin Hawan Sallah. Ran Litinin 10 ga Afrilu 2023 sunka haɗu a Racecourse, kowace da maki 100. Muna cikin azumi ranar, zafin Afrilu na dukan kwanon studiyo, muna bin macin a waya, intanet na zuwa yana ɗaukewa. Notts ta fara ci. Mullin ya rama, Jacob Mendy ɗan Gambiya ya ƙara, Notts ta farke, Elliot Lee ya sa na uku. Cikin ƙarin lokaci alƙali ya ba Notts penaliti. Mai tsaron gidan Wrexham, Ben Foster, shekararsa 40, ya riga ya aje ƙwallo anka roƙo shi ya dawo ƴan makonni kafin nan. Ya faɗi damansa ya ture ta. Wallahi ihun da munka yi, mai gadi sai da ya leƙo ya ga ko lafiya.

Ran 22 ga Afrilu sunka ci Boreham Wood uku da ɗaya, sunka hau bayan shekara 15 a rijiya. Lissafin kakar: maci 46, cin 34, kunnen doki 9, faɗuwa 3, ƙwallo 116, maki 111, abin da ba a taɓa yi ba a rukunin. Mullin shi kaɗai ya ci 38. Notts County da makinta 107 sai da ta bi ta baraj kafin ta hau. A 2024 Wrexham ta zo ta biyu a rukuni na huɗu, a 2025 ta zo ta biyu a na uku, ta shiga Championship, mataki guda ƙasa da Firimiya. Hawa uku a jere.

Masu cewa kuɗɗi ne suna da gaskiyarsu. Albashin da Wrexham ke biya a rukuni na biyar ya fi ƙarfin yawancin abokan karawarta, kuma ƙungiyoyi da yawa masu irin tarihinta na nan ba wanda ya leƙa su. Amma mai kuɗɗi sai ya tarar da abu a raye yake saye. Da mutanen layin nan na 2011 sun zauna gida, da ƴan fim sun zo sun iske fili da ciyawa.

Abin da ya hana mu barci ran Litinin ke nan. Mu da ke riƙe da makirufo muna iya jero muku ƴan wasan Real da Barsa har na benci, kuma ga shi yau mun jero na wani gari a Wales. Da munka tambayi kanmu yaushe rabon da mu sayi tikiti mu shiga kallon ƙungiyar garinmu, sai da munka ƙirga da shekaru. In munka je ma, da katin ƴan jarida muke shiga, kyauta. Ranar da za a ce ta rushe, mu ne za mu fara karanta labarin a iska da muryar tausayi.

Macin gida na gaba za mu je, za mu biya a ƙofa kamar kowa, kuma sakamakon zai fito a shirin Litinin kafin na Turai. Yaron Tasawa, in kana karantawa, sake bugo waya ka gaya mana sunan ƙungiyar garinku da wanda ke tsaron gidanta. Allah shi kai mu.