Inda Idona Ya Tsaya

Likitan fata da ya goge ba ya yawan yawo da ido a kan hoto. Yakan ɗauki tabon gaba ɗayansa a kallon farko, sannan idonsa ya zarce wurin da yake zargi. Sabon hannu kuwa yakan yi ta tsalle-tsalle, ko ya maƙale a inda ya fi ban tsoro. Na'urar bin motsin ƙwayar ido ta nuna irin wannan bambanci tun da daɗewa. A 1978, Harold Kundel da abokan aikinsa a Amurka sun bi idon likitoci a kan hotunan ƙirji, suka kasa kuskure gida uku: kashi 30 cikin ɗari ido bai kai wurin cutar ba, kashi 25 ya kai amma bai gane ba, kashi 45 ya tsaya ya duba, hukuncin ne ya karkace. Nawa kuskuren na gidan farko ne.

A farkon aikina, wani ma'aikacin lafiya na karkara ya turo mini hoto ta waya: dunduniyar wani dattijo manomi, da gyambo a tsakiya. Na daɗe ina kallo, har na ƙara girman hoton, amma duk a kan bakin gyambon nake, ina duba mugunya da zurfinsa. Na ce ƙaya ce ko ciwon suga, a wanke, a ba shi magani, a auna jini. Raina ya kwanta, don a ganina na duba da kyau.

Da aka kawo shi bayan watanni, kaluluwa ta fito masa a matsematsi. Na nuna wa babban likitanmu tsohon hoton. Ko minti bai yi ba ya ɗora yatsa can gefe, nesa da gyambon.

"Dokta, wannan baƙin fa?"

"Ranka ya daɗe, ban gan shi ba."

Baƙi ne mai duhu da haske, ya malala cikin lafiyayyar fata, iyakarsa a karkace. Yana cikin hoton tun ranar farko. Gwajin tsoka ya tabbatar da sankarar fata ce, melanoma.

Na haddace ƙa'idar ABCD da likitocin New York suka fitar a 1985: rashin daidaito, gefe, launi, faɗi. Amma hotunan da na koye ta da su kusan duk na farar fata ne, a baya ko a hannu. A baƙar fata kuwa, wannan sankara ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Ita ce ta faro wa Bob Marley a yatsan ƙafa, ta yi ajalinsa a 1981. Na san wannan a takarda, idona ne bai taɓa koyon zuwa can ba. Ba na faɗin haka don in wanke kaina. Watannin da dattijon ya rasa, ni na jawo su, kuma har yau abin yana ci mini rai.

An yi masa tiyata, sai dai cutar ta riga ta wuce ƙafa.

Yanzu idan aka turo hoton gyambo, nakan rufe tsakiyarsa da babban yatsa in fara zagaye gefen. Ina kuma neman hoto na biyu daga nesa, cikin hasken rana, tafin ƙafa duka biyu a ciki.