Kafin a ɗauko wuƙa, a dubi ƙwan

Yau maganar kaji nake tafe da ita, don a gidajenmu kaza ita ce asusun mace: kuɗin sabulu, kuɗin magani, littafin yaro, duk daga akurki suke fitowa.

Abin da ke damuna shi ne, da kaza ta saki ƙwai maras ɓawo, ko ɗan mitsitsi, ko mai gwaiduwa 2, sai ka ji an ce kambun baka ne, a yanke ta. Haba jama'a! Ƙwan nan shi ke gaya mana abin da ke damun kazar.

In ƙwan ya zo da taushi kamar leda, yawanci abinci ne. Ƙwai guda yakan ɗauki awa 24 zuwa 26 a cikin kaza, kusan 20 daga ciki ɓawo ake ginawa. Ɓawon kuwa yana cin wajen giram 2 na kalsiyom, sinadarin da ke gina ƙashi. Gero da dusa ba su da shi sosai. Ni dai ƙashi nake ƙonawa in daka, in gasa ɓawon ƙwai in murtsuke shi, in zuba musu a kasko daban, in ƙara da gara ko tunkuza.

Zafi ma yana kawo shi. A watan 4 da na 5, in kika ga kaza ta buɗe baki tana haki, to ɓawon zai yi sirara. Inuwa da ruwa mai sanyi, safe da maraice.

Ƙaramin ƙwai ko mai gwaiduwa 2, aikin sagara ne da ta fara ƙwai, jikinta bai daidaita ba, a yi mata haƙuri. Tsohuwar dakwalwa kuma ƙwanta babba, ɓawon ba ƙwari. In ta daina ƙwai tana ta susa, a ɗaga fiffikenta, a duba ƙuma da ƙwarƙwata.

Wanda ke da ban tsoro shi ne na hunturu: ƙwai a karkace, farin ya tsinke kamar ruwa, kashi kore, wuya a murɗe. Wannan alamar ciwon Nukasil ce, kuma kafson mai tebur ba ya maganinsa. Rigakafi ne kawai, akwai na ɗigawa a ido, a tambayi ma'aikatan kiwo tun kafin sanyi ya shigo. Kazar da aka sayo a kasuwar Maraɗi kuma a ware ta sati 2.

In suka fara mutuwa da yawa rana guda, kar a ci, kar a kai kasuwa, a sanar da hukuma. Ba mu manta murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magarya a 2006 ba.

Iyaye mata, wane iri kuka fi gani a gidajenku? Allah ya albarkaci kiwonmu.