Motar da Ba Ka Kalla Ba

Duk kasuwar da ka shiga yanzu za ka tarar da motocin wasa na roba jibge a kan tebur, masu batir da rimot, an gama musu komai tun daga masana'anta. Yaro ya karɓa ranar Sallah, kafin a gama yawon Sallah taya ta fita, an jefar. Ban ga laifin yaro ba. Masu ci mini tuwo a ƙwarya su ne samarin da suka shigo harkar haɗa ƙananan motoci na cikin kwali, suka taho da wannan halin. Mutum ya yi odar kwali da kuɗi mai yawa, ya zazzage shi da magariba, kafin asuba ya ɗora hoto a Facebook wai ya gama. Ka duba hoton, gam ya dusashe gilas, fenti ya yi hawaye a jikin ƙofa.

Mu da kara muka fara. Bayan girbi a bare sillen kara, a yanka totuwa, a soke da tsinke, ga mota. Da muka tasa muka koma langa-langa da waya, gwangwanin madara ya zama bodi, tsohon silifas ya zama taya, doguwar waya ta zama sitiyari. Babu takarda, babu ma'auni. Tasha ce makarantarmu. Akwai wani bakanike a unguwarmu, Allah ya jiƙansa, da muke kai wa motocinmu ya duba. Ranar da wani abokina ya kai masa gingimari da ya sha wahala a kanta, ya juya ta sau ɗaya ya miƙa masa.

"Baba, ba ta yi ba?"

"Yaro, tankin mai a ina yake? Koma tasha ka durƙusa ka leƙa."

Yaron ya yi kuka, amma ya koma. Abin da na riƙe ke nan har na yi furfura: hannu ba ya ƙera abin da ido bai kalla ba.

Kada a ce na raina kwali. Ina girmama shi ƙwarai. Kamfanin Tamiya na garin Shizuoka a Japan da katako ya fara kafin ya koma roba, kuma Volkswagen Beetle ɗinsu ƙirar 1966 tana zama daram, kowane guntu a gurbinsa. Airfix na Ingila da ƙaramar tarakta Ferguson suka soma wannan harka a 1949. Heller na Faransa suna da tsofaffin Citroën da Fijo. Mutanen nan sun auna mota ta gaske kafin su zuba roba. Idan ka ga 1:24 a jikin kwali, ana nufin kowace santimita 24 ta koma santimita 1, don haka mota mai tsawon mita 4 da ɗan ɗoriya za ta zo maka wajen santimita 17. Wanda ya yi wannan lissafi ya cancanci ka karanta takardarsa, ka bi ta daki-daki.

Wanke guntayen da ruwan sabulu tukuna, don maiƙon masana'anta yana hana fenti kamawa. Yanke su daga firam da reza ko ƙaramar filaya, kada ka murɗe. Gwada kowane haɗi a bushe kafin gam ya taɓa shi, domin gam ɗin nan narkar da robar yake yi ya haɗe ta, in ya kama ya kama. Bamba mai ƙyalli sai ka kankare inda za a liƙa. Gilas kuwa farin gam na katako ya ishe shi. Fenti a shafa shi siriri, a bari ya bushe, a sake. In hunturu ne, kife roba a kai, in ba haka ba ƙura za ta yi maka ado da ba ka nema ba. Sauri ya haifi nawa.

To amma takarda ba za ta kai ka tasha ba, kuma a nan nake saɓa mata. Motar da ke kwali motar Bature ce ranar da ta fito daga shago. Mu ba haka muka san mota ba. Mun san Fijo 404 akori-kura da bodin ƙarfe da mai walda ya ɗora mata. Mun san 504, wadda ta fito a 1968, ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna. Mun san ta da kariya a kai, an ɗaure kaya da igiyar roba, bayanta ya zauna saboda lodi, an rubuta addu'a a gilas. Mai son wannan motar dole ya ajiye takarda, ya lanƙwasa waya ya yi kariya, ya rage tsayin bayan, ya yanka tsumma ya yi tamfol. A nan aikin langa-langa yake dawowa hannun mutum, kuma a nan nake gane wanda ya taɓa durƙusawa a tasha.

Abin da ke damuna har cikin rai shi ne motocin da za a kalla suna ƙarewa. Muna ji muna gani 'yan gwangwan suka sassare su, aka auna a kilo, aka loda a tirela. Motar da ta kai amare, ta kai alhazai filin jirgi, ta yi jigilar Kano zuwa Maraɗi har ta gaji, babu wanda ya ɗora mata tef ya rubuta tsawonta kafin a kai mata guduma. Yaran yanzu sai hoton waya, hoto kuwa ba ya nuna maka ƙarƙashin mota. Duk wanda ya san garejin da wata 504 ke kwance, ya je da tef da littafi wannan makon, ya roƙi mai garejin, ya auna tsakanin taya da taya, ya zana yadda but ɗinta ya karye ya gangara, ya leƙa inda salansa ta bi.

Sai maganar ƙura, wadda samari suka fi ɓatawa. Sun ji an ce a tsufar da mota, sai su bulbule ta da hoda tun daga rufi har ƙasa, bai ɗaya. Wace mota ce ta taɓa yin datti haka? Jar ƙasa bayan taya take taruwa, da gindin ƙofa, da gilashin baya, gilashin gaba kuma yana da tsabta daidai inda waifa ke sharewa. Tsatsa daga inda ruwa ke kwanciya take farawa. Tankaɗe ƙasar da rariya mai laushi, ɗiba kaɗan da busasshen buroshi, ka sa ta inda hanya ke sa ta. Wanda bai san wurin ba, ya tsaya bakin titi ranar kasuwa ya jira motocin ƙauye su shigo.