Fatsar Kawu

Duk wanda ya ji an ce Babura, gero da gyaɗa da riɗi zai tuna, da jigawa mai yashi da ta miƙe har iyakar Nijar. Ba garin masunta ba ne. Amma idan damina ta yi nisa, tafkuna da kududdufai suka cika, kowane yaro a unguwarmu yakan zama masunci, da karan dawa da zaren ɗinki da allurar da aka lanƙwasa a wuta.

Kawuna ne kaɗai mai fatsar gaske. Sandarta gora ce, doguwa, siririya a kai, ta yi ja saboda shan hannu. Ya same ta ne a shekarun 1970, zamanin da aikin madatsun ruwan da Gwamna Audu Bako ya faro ya sauya fuskar tsohuwar Jihar Kano, tun ba a yanke Jigawa ba, don sai 1991 aka yi wannan. Da aka tare ruwan Tomas a ƙasar Dambatta, sai ga tarwaɗa da karfasa rani da damina, a yankin da a da sai ruwan sama ya sauka ake jin ƙarnin ɗanyen kifi. Kawu yakan ɗaure fatsar a jikin kekensa tun asuba, ya dawo da yamma da kifi a jere a jikin igiya.

Bayan rasuwarsa, Allah Ya jiƙansa, fatsar ta daɗe a soke a rufin zaure, har bara na zaro ta. Ta lanƙwashe, ƙwari sun huda gindinta, ƙugiyar ta yi tsatsa, zaren kuwa ina taɓa shi ya rududduge.

Gyaran gora sai da haƙuri. Na yanke gindin da ya lalace daidai kan gaɓa, don gaɓar ce ke hana ta tsagewa. Na shafe ta da man gyaɗa, na riƙa gifta wurin da ya lanƙwashe a kan garwashi ina juyawa, ba a kan harshen wuta ba, har ta yi laushi, sannan na danne ta a gwiwa ta huce a miƙe. In ka yi gaggawa ta ƙone, in ka ji tsoron wutar ta koma yadda take. Wata 'yar tsaga da ke tsakiya na naɗe ta tamau da zare. Ƙugiyar na goge da toka da yashi, na wasa bakinta a dutse har ta fara kama farce. Na sa sabon zaren roba, na matse 'yar darma sama da ƙugiya kaɗan, na ɗaura totuwar kara a matsayin abin da zai yi yawo a kan ruwa. A nan ne na ji kamar muryar Kawu: “Kai yaro, kar ka fizga don totuwa ta motsa. Bari ta nutse tukuna.”

Yanzu akwai fatsar kanti a kasuwannin Kano, mai 'yar na'urar naɗe zare, kuma ba na kushe ta, tana jefa ƙugiya nesa. Sai dai in ta karye yawanci an yi asararta ke nan, ita kuwa gora duk abin da take bukata yana cikin gida.

Na kai ta madatsar ruwan Kazaure tare da ɗan ƙanwata, bayan mun tono tana a gindin randa. Shi ya riƙe sandar. Totuwa ta yi rawa, ya zabura.

“Kawu, in ja?”

Na ce ya dakata. Da ta nutse ya ɗaga, gorar ta rusuna ba ta ko yi ƙara ba, sai ga karfasa kamar tafin hannu tana wutsil-wutsil. Ya ce shi zai kai wa babarsa da kansa, kuma lallai in koya masa ɗaurin ƙugiya kafin a koma makaranta.