Masu Karatun Bayan La'asar a Walesi

Garin Wamena yana cikin kwarin Baliem, a tsaunukan Papua da ke gabashin Indunusiya, kimanin mita 1,600 sama da teku. Daga Jayapura jirgin sama ake hawa, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, kuma yawancin kayan masarufi ta sama suke zuwa, har siminti. Shi ya sa komai ke da tsada, littafi ma haka. Sai a 1938 Turawa suka san da wannan kwari, lokacin da ayarin Richard Archbold ya hango shi daga jirgi.

Mutanen wurin 'yan ƙabilar Dani ne, manoman dankali, kuma akasarinsu Kiristoci. Amma kudu da gari kaɗan akwai Walesi, inda wasu dangi suka musulunta a shekarun 1970. Makarantar Islamiyyar ƙauyen tana ɗauke da sunan Merasugun Asso, ɗaya daga cikin na farkon shiga addinin. Can na nufa, don in ga yadda yara ke koyon Alƙur'ani.

Ba allo, ba tawada. Bayan la'asar yara kan fito daga bukkokinsu masu jinkar ciyawa, waɗanda suke kira honai, su zauna a masallaci kowa da ɗan littafinsa, Iqro. Wani malami ne daga Yogyakarta, As'ad Humam, ya tsara shi, ƙananan juzu'ai shida. Bahaushen da ya sha babbaƙu da farfaru zai yi mamaki, domin a nan ba a tsayawa kiran sunan harafi. Yaro yana ganin baƙi da fataharsa sai ya furta: a, ba, ta. Malami ba ya biya masa, saurare kawai yake yi, in an yi kuskure ya gyara. Wanda ya kai juzu'i na biyar shi ke sauraren na juzu'in farko. Da ruwayar Hafsu suke karatu, ba Warshun da muka taso da ita ba.

Wahalar tana wajen furuci. Yaron Walesi da harshen uwarsa ya tashi, a makaranta ya tarar da na Indunusiya, yanzu ga Larabci da ainunsa da ladinsa. Na ga yarinya tana ta fama da harafin ƙafu har ƙawayenta suka fashe da dariya, ita ma ta yi, ta sake gwadawa. Malamin bai ɗaga murya ba. Bulala kam ban ga ko ɗaya ba.

Akwai kuma batun alade, wanda shi ne dukiya da sadaki da diyya a wurin Dani. Mai gidan da ya musulunta ba nama kawai ya bari ba, ya taɓa abin da ke ɗaure zumunci. Dabarar da suka yi ta burge ni: ranar bikin gasa abinci da duwatsu masu zafi, Musulmi kan haƙa raminsu daban su sa kaji, a ci tare da 'yan uwa Kiristoci ba wanda aka ware. A irin wannan gida yaran ke tasowa, kawu yana zuwa coci, ɗan 'yar uwarsa yana haddace Fatiha.

A ganina littafi ba shi ne matsalarsu ba, malami ne. Na nesa, daga Jawa ko Sulawesi, yakan zo da niyya mai kyau, amma sanyi da tsada da kewar gida su kore shi, yara su koma juzu'in da suka riga suka wuce. Wanda ke zama shi ne ɗan ƙauyen da aka tura karatu ya dawo, ya san harshen kaka, ya san wa ke rigima da wa. Masu son taimakon irin waɗannan wurare, kafin ku aika da katan-katan na Alƙur'ani, ku fara tambaya wa zai koyar, kuma me zai ci.