Wadda Aka Yi Wa Tiyata, Ko Za Ta Iya Haihuwa Da Kanta?

 

Ya 'yan'uwa, akwai wani al'amari da ya faru cikin zuri'armu a Daudawa, ta ƙasar Faskari, wanda mu ka ga ya kamata mu bayyana, ko Allah Ya sa wani maigida ya amfana.

Muna da wata 'yar ƙane wadda aka yi wa tiyata a haihuwarta ta fari, domin ɗan ya kwanta a gicciye. Da ta sami ciki na biyu sai gida ya rabu biyu. Surukarta ta same mu a zaure ta ce, "Malam, mu goma mu ka haifa a ɗaki, ba wuƙa ba allura. A yi mata rubutu ta haihu kamar kowa." Mijin kuwa, ɗan kasuwar hatsi ne, ya ji an ce wadda aka taɓa yanka, sai yanka har abada, ga shi yana tsoron kuɗi. Ita yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Baffa, na gaji da gorin da a ke yi mini, wai ni raguwa ce." Nan mu ka gane fiƙihun da mu ka karanta bai ishe mu ba da fatawa a kan mahaifa ba, sai mun tambayi ma'abota sanin abin, kamar yadda Alƙur'ani ya umarce mu.

Ga abin da mu ka samu wurin likitoci. Wannan magana ta "sai yanka har abada" tsohon ra'ayi ne da wani likitan Amurka ya bayyana a 1916, zamanin da a ke tsaga mahaifa a tsaye. Yanzu galibi ta ƙasa a ke tsagawa a kwance, tabon kuwa ya fi ƙwari. Saboda haka cikin mata 100 da aka yi wa irin wannan aiki sau ɗaya, su ka jarraba naƙuda a asibiti, tsakanin 60 da 80 su kan haihu da kansu. Amma fa akwai hatsari, watau ɗinkin mahaifa ya kan ɓarke ga wajen mace 1 cikin 200. In haka ta faru, jini ya kan ɓalle a cikin ciki, kuma mintoci ne tsakanin ceto da rasa ɗa, wani lokaci har da uwar.

Sun kafa sharuɗɗa. Na ɗaya, a san irin tsagar da aka yi wa mahaifa, wannan kuwa tabon fata ba ya nuna shi, sai takardar asibiti. Na biyu, a duba dalilin aikin farko. In kwanciyar ɗa ce, ba lalle ta maimaitu ba, in kuwa matsin ƙugu ne, to, da sauran magana. Na uku, tazara: haihuwar da ta zo ƙasa da wata 18 bayan tiyata ta fi hatsari. Mu kuwa sai mu ka tuna da shekara 2 na shayarwa da aka ambata cikin Suratul Baƙara, aya ta 233, da yadda iyayenmu su ke ƙyamar kwanika. Na huɗu, kada a sha jiƙe-jiƙen kawo naƙuda, kada kuma a bari wani mai kanti ya ba da ƙwaya ko allurar gaggauta ta, gama su ne masu fasa tabo. Na biyar, wanda ya fi duka, naƙudar ta kasance inda akwai ɗakin tiyata da jini da likita dare da rana.

To, wannan na ƙarshe shi ya fi damunmu, domin kowa ya san yadda 'yan bindiga su ka mai da tafiyar dare a ƙasar Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara cikin shekarun nan. Sai mu ka ce da surukar, "Hajiya, ai goyon ciki al'adarmu ce. Bari ta yi nata a Funtuwa." Rubutu mun yi, addu'a mun yi, amma Manzon Allah ya koya wa mai raƙumi ya ɗaure shi sa'an nan ya dogara ga Allah. Da cikin ya shiga wata 9 aka kai ta gidan 'yan'uwa kusa da asibiti, mijin ya sayar da buhunan masara ya ajiye kuɗin, yayyenta biyu aka gwada jininsu.

Naƙuda ta zo da tsakar dare. Ma'aikata su ka yi ta sauraron bugun zuciyar ɗan, mu kuwa muna waje da tasbaha, an riga an gaya mana in ciwo ya ƙi lafawa tsakanin murɗa da murɗa, ko jini ya zubo, ko bugun ya sauya, za a shiga da ita nan take, mijin kuma ya amince tun da wuri. Bayan asuba Allah Ya sauke ta lafiya, ta haifi 'ya mace da kanta.

Amma ku sani, ya 'yan'uwa, da an sake yi mata aiki, godiyarmu ba za ta ragu ba. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, wahalar uwa kuwa ladarta na wurin Allah ta kowace hanya ɗan ya fito. Mai yi mata gori ya ji tsoron Allah. Kai kuma maigida, ko a kasuwa ka ke ko a ofis, ka adana takardar asibitin iyalinka kamar yadda ka ke adana takardar filinka, ka ba ta izinin zuwa awon ciki, ka yi tanadi tun kafin dare ya yi.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa bisa Sunna, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.